Waƙar Bayan Juji: yadda aikin ke tafiya

11 ga Janairu, 2025

Daga yau zan riƙa rubuta abin da muke ciki duk sanda muka zauna, saboda mutane sun dame ni da tambayar ina maganar waƙa ta kwana. Ga wanda bai san zancen ba, gidajenmu a bayan wani ƙaton juji suke, motoci na zuwa daga ko'ina cikin gari su juye shara su kama gabansu, kuma da wuya gari ya waye rana ta faɗi wuta bata ci a ciki ba. Wani lokacin mutum ne ke kunnawa, wani lokacin kuma da kanta take tashi daga ƙasa saboda gas ɗin da ruɓaɓɓiyar shara ke fitarwa mai saurin kama wuta ne. Mun rubuta koke mun kai har mun gaji, shiru kake ji. Shine mukace to bari mu gwada waƙa, amma fa ba irin wadda za'a ɗauko mawaƙi a biya shi ya zo ya rera mana baƙin cikinmu ya tafi ba. Mu da muke shaƙar hayaƙin mu zamu tsara, mu zamu kaɗa, mu zamu rera.

Doka ɗaya muka kafa a zaman yau, kar wanda ya zo da rubutacciyar waƙa daga gida. Kowa ya faɗi jimla ɗaya kan abin da hayaƙin nan ya masa, ni kuma ina ɗauka a waya. Wata uwa tace rabon da ta shanya farin kaya ta kwashe shi fari har ta manta. Wani tela yace da la'asar sai ya rufe taga ya kunna fitila yayi ɗinki. Wata yarinya tace ita yanzu tana gane abin da ake ƙonawa da wari kawai, taya daban leda daban waya daban. Wallahi da ni kaɗai na zauna ko shekara zanyi bazan iya ƙirƙiro waɗannan maganganu ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dab da za'a tashi wani dattijo a cikinmu ya tambaya ko an gayyaci yaran da ke jari bola. Aka yi tsit. Mun ce a kira su zama na gaba.

18 ga Janairu

Yau saura ƙiris aikin ya watse tun bai tsaya da ƙafarsa ba.

'Yan jari bola sun zo, suka raɓe can baya kusa da ƙofa. Ana fara maganar baiti na farko wata daga cikin iyaye mata ta miƙe tace ita baitin da take so shine wanda za'a kama sunan masu ƙona waya a kunyata su, don hayaƙinsu ne yafi kowanne baƙi kuma shi ke kwantar mata da ɗa. Gaskiyarta ne kuma, robar da ke jikin wayar wuta in aka ƙona ta tana fitar da guba mai suna dayoksin da wani hayaƙi mai cin maƙogwaro, ba ƙarya ta faɗa ba. Sai ɗaya daga cikin yaran, bai fi shekara sha bakwai ba, yace "Mama, ki yi haƙuri, ni ne a tsaye a kan wutar, kafin hayaƙin ya iso gidanki sai ya bi ta ƙirjina. In ban fito da jar wayar nan na sayar ba me zan kai gida?" Tace "ɗan nan, to ni kuma nawa ɗan ya mutu kenan?" Hayaniya ta kaure, wasu har sun fara saka takalmi.

Dattijon nan ne ya tsawatar. Yace ku dakata, yaran nan ne suka kawo jujin? Yace shi ya san wurin nan tun yana fili, ba wanda ya taɓa tara su ya nemi shawararsu, sun dai wayi gari sun ga motoci. Sai ya ɗaga murya yace "wai wa ya zaɓi bayan gidanmu ne?" wata daga gefe ta amsa "ba da mu aka yanke ba, Baba." Mai kiɗanmu yana zaune kan jarka sai kawai ya fara bugunta a hankali, ya maimaita tambayar, aka sake amsawa, kafin kace me ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka har da matar nan da yaron. Amshi ya samu kenan:

Wa ya zaɓi bayan gidanmu?
Ba da mu aka yanke ba.

Ban ce sun shirya ba fa, da aka tashi ko kallon juna basu yi ba. Amma tambayar ta tashi daga kan wa ya kunna ashana ta koma kan wa ya yanke hukunci, kuma a ganina nan ne gaba ɗaya maganar adalci a muhalli take. Shara kowa na yinta, amma ba a bayan gidan kowa ake jibge ta ba, kullum sai an nemi unguwar da ake ganin mutanenta ba zasu iya ɗaga waya su kira wani babba ba. Na basu labarin gundumar Warren a jihar North Carolina ta Amurka, inda a 1982 gwamnati ta zaɓi yankin da mafi yawan mutanensa baƙaƙe ne talakawa don binne ƙasar da ta gurɓata da guba, mutane suka fito suka kwanta a kan titi gaban manyan motoci, aka kama sama da mutum 500. Basu hana a binne ba a lokacin, amma daga nan ne wannan gwagwarmaya ta samu suna ta bazu duniya.

1 ga Fabrairu

Kayan kiɗa. Bamu da kuɗin saye kuma ko da muna da shi ma mun fi so kiɗan ya fito daga cikin jujin. A nan ne 'yan jari bola suka nuna mana su waye su, don sun san ƙarar kowane ƙarfe, yaro zai ɗaga abu ya ƙwanƙwasa da farce yace wannan alminiyon ne ba zai yi amo ba, ɗauki wancan. Sun kawo jarkoki, gwangwanaye manya da ƙanana, murafan kwalba da muka huda muka zura a waya suka zama kacau-kacau, da wani tsohon ƙarfen birki na mota da in ka buga shi da ƙusa ƙararsa na daɗewa kamin ta mutu. Jarka kuma in ka zuba mata ruwa muryarta na canzawa gwargwadon yawan ruwan, sai muka jera guda uku kowacce da nata, muka zana layi da maka a jiki don kar a riƙa lalube kullum.

Ma'aikaciyar jinyar da ke cikinmu ta kafa sharaɗi kuma mun bi. Duk jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi ko wani sinadari da bamu sani ba an mayar da ita, komai sai an wanke da sabulu an shanya, kuma ba abin da za'a sa a baki a busa in dai daga juji ya fito. Yaran sun so yin sarewa da wani bututun roba, tace sam.

Na nuna musu bidiyon yaran Cateura a waya, unguwa ce a gefen babban jujin birnin Asuncion na ƙasar Paraguay, inda wani malami Favio Chavez da wani mai tsince-tsince a jujin Nicolas Gomez suka riƙa ƙera goge irin na Turawa da gwangwanin mai da cokula da katakon da aka yar, har ƙungiyar ta zagaya ƙasashe tana wasa. Sun kalla sun sake kalla. Abin da na gaya musu dai shine mu burinmu ba a tafa mana a ce kai ji talakawa da fasaha ba, so muke wutar ta mutu.

9 ga Fabrairu

Wannan zaman ya tsaya min a rai sosai. Yarinyar da muryarta tafi ta kowa, wadda kowa ya yarda ita zata ja waƙar, tana da asma. Layukan da muka tsara dogaye ne, in ta ɗauko sai numfashi ya yanke mata a tsakiya ta kama tari. Wani yace a canza ta kawai a sa wata, ko kuma in an je ɗauka a yanka a haɗa da kwamfuta ba wanda zai gane. Mai kiɗa yace a'a, waƙar za'a gyara ta dace da ƙirjinta. Muka zauna muka karya kowane layi gida biyu, muka bar gurbi bayan kowanne inda ganga kaɗai ke tafiya tana jan numfashi, 'yan amshi kuma su shigo da wuri su karɓe ta. Da muka gwada daga farko sai gashi waƙar tafi daɗi nesa ba kusa ba, kuma tsofaffi da ƙananan yara da da basa iya bi yanzu suna bi, don ashe ba ita kaɗai ce numfashi ke yiwa wuya ba, kunya ce ta hana sauran faɗa.

Baitin nata yanzu haka yake:

Na rufe taga,
ya biyo ta rufi.
Na rufe baki,
ya biyo ta hanci.
Ina zan kai ƙirjina?

Bayan rihazal mahaifiyarta ta tsaya muna magana, na bata labarin Ella Adoo-Kissi-Debrah, yarinya 'yar shekara 9 da asma ta kashe a Landan a 2013, gidansu na kusa da wani babban titi mai cunkoson motoci. Uwarta bata haƙura ba, ta yi ta bin maganar har a Disambar 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta, aka rubuta haka a takarda, karon farko kenan a Birtaniya. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa gurɓatar iska na kashe kimanin mutum miliyan 7 duk shekara, amma lamba irin wannan bata shiga zuciya, sai an ce ga 'yar wance. Matar tace min "Yaya, ni dai a rubuta a katin asibitinta cewa kusa da juji muke." Nurse ɗinmu tace zata nuna mata yadda zata roƙi likita ya rubuta.

22 ga Fabrairu

Maganar batir ta taso. Ashe bayan waya wasu na fasa tsofaffin batiran mota a gefen jujin, su zubar da ruwan a ƙasa su narka dalmar a gwangwani. Yaran da kansu suka faɗa, kuma ina ganin da ba don watan da muka yi muna buga jarka tare ba da ba zasu taɓa faɗa a gabanmu ba. Hankalin ma'aikaciyar jinya ya tashi, ta ajiye maganar waƙa gefe ta yi mana darasi. Dalma bata da wani ɗan adadi da za'a ce ba komai in yana jinin yaro, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba sai yaro ya je wurin ba, ƙurar da ke jikin riga da takalmin yayansa ta isa. Ta tuna mana Zamfara a 2010 inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400, da Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar inda yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda sana'ar fasa batir. Ni kuma na ƙara da Owino Uhuru a Mombasa, inda Phyllis Omido ta tashi tsaye kan wata masana'antar narka batir bayan ɗanta ya kamu, aka rufe wurin, kuma a 2020 kotu ta yanke a biya mutanen unguwar diyyar shilin biliyan 1.3 na Kenya.

Daga nan muka ƙara doka ta biyu, ba abin da zai shiga waƙar nan sai wanda zamu iya tsayawa a kansa gaban kowa. Akwai layin da yake cewa hayaƙi ya kashe mana mutum kaza, mun cire, don bamu da shaidar asibiti kuma layi ɗaya na ƙarya ya isa a yi watsi da sauran gaskiyar. Wanda ya kawo layin ransa ya ɓaci, na fahimce shi kuma don ƙaninsa ne ya rasu. Muka bar masa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, daren da suka yi ta neman abin hawa yaro na haki, ba tare da ya yanke hukuncin likita ba. Ya fi na farkon ciwo ma.

Masu fasa batir sun yi alƙawarin zasu daina shiga gida da kayan aiki. Dainawa gaba ɗaya kam basu ce ba.

5 ga Afrilu

Mun yi hutun wata guda, yau muka dawo. A tsakani dai littafin hayaƙi bai tsaya ba. Littafi ne na makaranta da ke yawo gida gida, duk wanda yake hannunsa zai rubuta rana, ƙarfe nawa wuta ta tashi, launin hayaƙin, ta ina iska ta kaɗa shi, ya ɗau hoto ya tura guruf ɗinmu na WhatsApp. Wani malamin kimiyya ya aro mana ƙaramar na'urar auna ƙurar da ke cikin iska, irin ƙananan nan da ake kira PM2.5 masu wucewa har cikin jini. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 shine kar matsakaicin ƙurar a yini ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska, na shekara kuma 5. Malam ya ja kunnenmu cewa irin wannan na'ura mai araha tana kuskure musamman in akwai laima a iska, don haka kar mu riƙa yawo da lambobinta kamar hukuncin kotu, amfaninta ta nuna bambancin ranar wuta da ranar da babu, kuma tana nunawa ƙarara.

19 ga Afrilu

Baiti na huɗu shi yafi bamu wahala, baitin me muke so. Kuka kowa ya iya, amma da aka ce to a faɗi buƙata sai bakuna suka rabu. Mafi yawa sunce a rufe jujin a kori kowa. 'Yan jari bola sukayi shiru, ɗaya yace in haka ne a cire muryarsa.

Ni ina cikin masu son a daina juye shara a nan, ban ɓoye ba. Amma na kawo musu abin da ya faru a Agbogbloshie ta birnin Accra, kasuwar tsofaffin ƙarafa da kayan lantarki da duniya ta yi ta ɗauka a hoto, a 2021 hukuma ta zo da katafila ta rushe wurin, mutanen suka watse wasu unguwanni da sana'arsu, wayar da ake ƙonawa kuma bata ƙare a duniya ba. In mun kori yaran nan gobe bayan gidan wasu zasu koma, mun zama mun yi wa wasu abin da muke kuka an mana. Sai kuma Bogota ta Kolombiya, inda masu tsince-tsince suka haɗa ƙungiya ƙarƙashin irinsu Nohra Padilla suka yi ta shari'a har kotun tsarin mulki ta tsaya musu, daga 2013 birnin ya fara biyansu kan nauyin abin da suka tsince, a matsayin ma'aikatan tsafta. Yaran nan sun zaro ido, ɗaya yace "Yaya, wai gwamnati ke biyan ɗan bola?" nace ƙwarai.

Mun kai dare muna ja. Abin da aka tsaya a kai, a daina cinna wuta kuma a riƙa rufe sharar da ƙasa, a ware wa masu tsince-tsince rumfa da injin feɗe waya don su daina ƙonawa, a zo a gwada jinin yaran unguwa, sannan duk zaman da za'a yi kan makomar jujin a sa mu a ciki har da wakilin 'yan jari bola. Yaran sun faɗi gaskiya cewa injin feɗewa yana aiki a kan waya mai kauri amma sirara suna bashi wahala, don haka ba zai kashe ƙona waya duka ba, mun rubuta hakan ma a takardar buƙatunmu. Sa waɗannan buƙatu cikin kari ba tare da sun zama kamar karatun sanarwa ba shine aiki, tela ne ya warware mana, yace kowace buƙata a bata muryar wanda ta shafa. Baitin rumfa da inji matar nan da ta so a kunyata yaran ita ta nemi a bata. Ban tambaye ta dalili ba.

3 ga Mayu

Labari ya fara fita, wani mai neman kujera ya aiko a gaya mana zai ɗau nauyin situdiyo da bidiyo gaba ɗaya, sharaɗin kawai a ambaci sunansa a ƙarshe. An yi muhawara mai zafi don gaskiya muna buƙatar kuɗin. Amma in sunan wani ya shiga, gobe abokin hamayyarsa zai ce waƙar siyasa ce ya toshe kunne, mu kuma da duk wanda ke kan kujera muke magana ko waye shi. An kaɗa ƙuri'a ta ɗaga hannu, an ƙi. Mun gode masa cikin mutunci, muka ce in yana son taimako ya zo ranar da zamu rera ya saurara.

Wannan ya sa muka rubuta yarjejeniya shafi ɗaya. Waƙar ta ƙungiya ce, sunan duk wanda ya sa baki ko hannu zai fito in yana so, ba mai sayar da ita ko bada ita talla shi kaɗai, in kuɗi ya shigo asusun gwajin jini da magani zai tafi. Yara ƙanana sai iyaye sun sa hannu, kuma wanda ya yarda da murya bai yarda da fuska ba za'a mutunta. Wasu 'yan jari bola sunce kar a nuna fuskarsu don suna tsoron kamu, wannan tsoro ne na gaske, za'a ɗauki hannayensu kawai a kan jarka.

17 ga Mayu

An ɗauka! A ɗakin wani daga cikinmu muka yi, muka rataya barguna a bango da taga don kashe amsa-kuwwa, makirfo ɗaya na aro da laftof ɗin wani ɗalibi da ya iya haɗa sauti. Kiɗa muka fara ɗauka, mai ganga da abin ji a kunne yana bin ƙwanƙwasar da ke riƙe masa gudu, abin da ya tsana don yace tana ɗaure masa hannu, ƙarshe aka cire aka barshi da nasa kuma haka yafi. Sai masu ja ɗaya bayan ɗaya, sai amshi a ƙarshe, shi kam a tsakar gida muka yi kowa da kowa don muna so a ji yawan mutane. Akwai tari a wurare biyu cikin amshin, ɗalibin ya so gogewa, aka ce ya bari.

Muryar Baba na rawa a baitinsa kuma ya ɗan riga kiɗa shiga, ba wanda ya yarda a sake.

7 ga Yuni

Shekaranjiya, 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, taken bana kuma kan gurɓatar roba ne, muka rera a fili a bakin hanyar da motocin shara ke bi. Mun sanar da hukuma tun da wuri, bamu tare hanya ba. Mutane sun zo fiye da zatonmu, har daga unguwannin da sharar ke fitowa, wata mata a cikinsu tace wallahi bata taɓa tunanin inda bolarta ke zuwa ba bayan an kwashe. Kafin a kai baiti na biyu duk wurin ya iya amshin. Direbobin motocin shara biyu sun tsaya sun sauko, ɗaya yace su ma hayaƙin nan suke sha kullum kuma ba a basu ko takunkumi.

Kafin waƙa wata ɗaliba ta karanta cewa a 28 ga Yulin 2022 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince muhalli mai tsafta da lafiya haƙƙi ne na ɗan Adam, ƙasashe 161 suka goyi baya, ba wadda ta ƙi, 8 suka ƙaurace. Ta kuma faɗa musu gaskiya cewa wannan ƙuduri baya tilasta wa kowace gwamnati, amma dai sun ɗaga hannu da kansu, muna da damar tuna musu.

Hukumar da ke kula da shara ta turo jami'i ɗaya, ba babba ba. Ya saurara har ƙarshe, muka miƙa masa takardar buƙatu da kwafin littafin hayaƙi, muka sa ya sa hannu a namu kwafin cewa ya karɓa. Ya daɗe yana buɗa littafin, yace bai taɓa ganin koke da ya zo da rana da awa haka ba. Alƙawari dai bai yi ba, yace zai kai gaba.

21 ga Yuni

Inda ake yanzu. Wuta ta ragu amma kar mu yaudari kanmu, ruwan sama ne ya sauka, sai rani ya dawo zamu san gaskiya, shi ya sa littafin hayaƙi zai ci gaba da yawo ko ranar da babu wuta a rubuta babu. An kira mu zama a ofishin hukumar wata mai kamawa, wasiƙar tace wakilai uku, mun zaɓi Baba, mahaifiyar mai jan waƙa, da ɗaya daga 'yan jari bola, shi kuma yana ta fargaba wai bai iya magana a ofis ba, don haka rihazal ɗin Asabar mai zuwa rabi waƙa rabi gwajin zaman, tela zai zama jami'i yayi ta jefa masa tambayoyi.

Gwajin jini har yanzu ba labari, nurse na neman wani asibiti ko jami'a da zasu yarda su zo, duk mai hanya dan Allah ya mana magana. Fasa batir bai tsaya ba, an dai matsar da shi nesa da inda yara ke wasa, kuma wannan bai isa ba. Mutanen wata unguwa da ke fama da ruwan rini da wata masana'anta ke sako musu a kwata sun nemi mu basu waƙar su canza kalmomi. Mun tattauna, amsar da muka basu shine amshin su ɗauka in ya dace da su, amma baitoci su zauna su tsara nasu da bakinsu, mai kiɗa da biyu daga yaran zasu je ranar Lahadi da jarkoki su taya su zaman farko. Ana neman wanda zai ara musu sipika.